Fassarar Ƙasan Allo ta Netflix da Sunayen Mutanen Squid Game

Duk wanda ya kalli shirin Squid Game alhali ba ya jin Koriyanci, ta bakin tafinta ya ji labarin. Da yake kamfanin Netflix ne ya ɗauki nauyin shirin, kuma shi kaɗai yake nuna shi, mai kallo ba shi da wata halattacciyar fassara da zai koma wa idan wadda aka ba shi ba ta gamsar da shi ba. Saboda haka rubutun nan da ke fitowa a ƙasan allo haja ce mai zaman kanta a cikin abin da mai rajista yake biya duk wata, kuma ta cancanci a ɗora ta a kan sikeli kamar yadda ake ɗora kyawun hoto da tsabtar sauti. Ma'aunin da na zaɓa guda ɗaya ne, wato yadda fassarar ta yi da sunayen mutanen cikin labarin da kuma kalmomin da suke kiran juna da su. Wanda bai kalli shirin ba ya kwana da sanin cewa bayanin da ke tafe zai tona ƙarshen wasu daga cikinsu.

Zangon farko ya fito ranar 17 ga Satumba, 2021, cikin kashi 9, na biyu ya biyo baya ranar 26 ga Disamba, 2024, sannan na uku ya rufe labarin ranar 27 ga Yuni, 2025, kuma Hwang Dong-hyuk ne ya rubuta ya kuma ba da umarni. Mutum 456 ne da bashi ya yi wa katutu aka kwashe su zuwa wani tsibiri domin su yi wasannin yara a kan kyautar won (kuɗin Koriya ta Kudu) biliyan 45.6, duk wanda ya faɗi kuma ransa ne fansa. Abu na farko da masu shirya gasar suka yi musu shi ne raba su da sunayensu. Kowa an saka masa koren kaya da lamba a ƙirji, kuma da lambar ake shelar mutuwarsa ta lasifika. A irin wannan wuri, ranar da mutum ya buɗe baki ya faɗa wa wani sunansa, amana ya ba shi, kuma marubucin ya san haka sarai, shi ya sa yake jinkirta faɗin wasu sunaye har sai lokacin da za su fi taɓa zuciya.

A yi wa Netflix adalci, ta fuskar tsari fassararsa tana cikin mafi tsabta da ake samu. Kamfanin ya wallafa ƙa'idojin da masu yi masa fassara suke bi: rubutu ba ya wuce layi biyu a lokaci guda, a Turanci layi ba ya wuce harafi 42, ba ya daɗewa a kan allo fiye da daƙiƙa 7, kuma a shirin manya ba a son ya wuce harafi 20 a kowace daƙiƙa. Amfanin wannan yana bayyana a wurin da magana take da sauri kuma rai yake a kan siraɗi. A kashi na huɗu, sa'ad da tsohon nan mai lamba 001 yake koya wa ƙungiyarsa dabarar jan igiya, yadda za su jera, inda za su kafa ƙafa, da yadda za su kwanta da baya a daƙiƙun farko, mai karanta fassara yana bin bayanin ba tare da fuskokin sun kuɓuce masa ba. Ana kuma iya sauya girman rubutun da launinsa, a koma baya da daƙiƙa 10, a waya ko kwamfuta ma har a rage saurin tafiyar shirin. Wanda buƙatarsa ita ce ya san wa ya ci amanar wa, wa ya mutu, wa ya tsira, wannan fassara ta biya masa buƙata ba tare da ragi ba.

Matsalar tana cikin waɗannan ƙa'idoji ɗin dai. A cikinsu an umarci mai fassara da kada ya fassara sunan mutum sai idan kamfanin ne ya ba da fassarar da ya amince da ita, laƙabi kuwa sai idan yana ɗauke da wata ma'ana ta musamman. A yawancin finafinai wannan doka ce ta hankali, domin ba wanda yake son a riƙa sauya wa jarumi suna daga harshe zuwa harshe. Sai dai dokar ta ɗauki suna a matsayin alama kawai ta bambance wannan da wancan, kuma tsarin bai bar wani gurbi da mai fassara zai saka ɗan bayani a gefe ba. Idan marubuci ya ɓoye wani abu a cikin suna bai sa wani ya faɗe shi da baki ba, abin yana nan a Koriyanci, mai kallo na waje kuma ya wuce shi bai ma san ya wuce wani abu ba.

Kafin a ga girman asarar, sai an san yadda sunan Bakoriye yake. Sunan dangi ne yake zuwa farko, galibi gaɓa ɗaya, kuma ba shi da yawan bambanci, tun da ƙidayar 2015 ta nuna cewa masu sunan Kim da Lee da Park kaɗai sun kusa kashi 45 cikin 100 na mutanen Koriya ta Kudu. Sunan da aka raɗa wa mutum yakan kasance gaɓa biyu, kuma a al'adance kowace gaɓa tana da harafin Sinanci da ke bayanta, abin da suke kira hanja. Sauti ɗaya yana iya dacewa da haruffa masu yawa, kowanne da ma'anarsa, don haka ko Bakoriye ba zai yanke hukunci a kan ma'anar sunan wani ba sai ya ga yadda ake rubuta shi ko mai sunan ya faɗa masa. Akwai kuma wani rukuni na sunaye da aka ɗauko kai tsaye daga kalmomin Koriyanci na yau da kullum, ba ruwansu da hanja, kuma waɗannan ko yaro ya ji su ya san abin da suke nufi.

Sunan Kang Sae-byeok, mai lamba 067, daga wannan rukuni na biyu yake. Sae-byeok ita ce kalmar da Bakoriye yake kiran asuba da ita, lokacin da duhu ya fara yayewa amma rana ba ta fito ba. Yarinya ce da ta tsero daga Koriya ta Arewa, tana yankan aljihu a Seoul, ƙanenta yana gidan marayu, mahaifiyarta kuma ba ta samu ƙetarowa ba, kuma duk abin da take nema a gasar shi ne kuɗin da za ta haɗa kan iyalinta su fara sabuwar rayuwa. Mai kallo Bakoriye yana jin kalmar asuba duk lokacin da aka kira ta, saboda haka sa'ad da wani ɗan gasa mai suna Sang-woo ya kashe ta a daren da ke gaban wasan ƙarshe, bayan gilashin gadar da suka ƙetare a wasan da ya gabata ya riga ya yi mata mummunan rauni, ya san cewa marubucin ya kashe Asuba ne kafin gari ya waye. Mai karanta fassara kuwa gaɓoɓi biyu kawai yake gani masu wuyar furtawa. Ƙanen nata ma sunansa Cheol, kuma idan aka haɗa da sunan danginsu, Kang Cheol yana fita da sauti ɗaya da kalmar da ke nufin baƙin ƙarfe mai tauri. Haka nan idan tana magana da shi harshenta yakan karkata zuwa karin mutanen Arewa, wanda take ɓoyewa a gaban baƙi, kuma wannan ma rubutu ba ya nuna shi.

Abin ya fi ciwo a zango na biyu, domin a nan ne aka kawo wata mace, ita ma daga Arewa ta tsero, ita ma sunan danginta Kang, ita ma ta baro jininta a can, wato 'yarta ƙarama. Sunanta No-eul, kuma wannan kalma tana nufin jan da sama take yi idan rana za ta faɗi. Tsohuwar soja ce, kuma ba cikin 'yan gasa ta shiga ba, cikin masu rufe fuska da ke harbe su take, da lamba 011. Ga Asuba a cikin waɗanda ake kashewa, ga Almuru a cikin masu kisa, talauci ɗaya da rabuwa ɗaya suka kai su tsibiri ɗaya ta ƙofa biyu. A ƙarshen labarin kuma mai sunan fitowar haske ce ta mutu, mai sunan faɗuwar rana ce ta rayu har ta kama hanyar Sin neman 'yarta. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun saƙa a shirin baki ɗaya, kuma an yi shi ne da sunaye biyu kawai. Wanda ya bi zango uku da fassarar Netflix, ko da bai tsallake layi ɗaya ba, zai iya gamawa bai taɓa haɗa matan nan biyu ta wannan fuska ba.

Tsohon mai lamba 001 al'amarinsa ya ɗan bambanta. Da aka tambaye shi sunansa tun da fari sai ya nuna ya manta, kuma da yake yana fama da ƙari a ƙwaƙwalwa ba wanda ya zarge shi. Sai a ƙarshen kashi na shida, bayan ya miƙa wa Gi-hun, jarumin labarin, ƙwallon gilashinsa na ƙarshe a wasan ƙwallayen gilashi, ya ce ya tuna, sunansa Oh Il-nam. Il yana nufin ɗaya, nam kuma namiji, kuma suna ne irin na mutanen da, da akan sa wa ɗan fari. Namiji na ɗaya, mai lamba ta ɗaya, wanda a kashi na tara za a gano cewa shi ne ya kafa gasar tun asali. Fassarar ta rubuta sunan yadda yake ta wuce. Amma a nan ya kamata mai neman ɓoyayyar ma'ana ya ja linzami, domin gaɓar Oh tana da sauti ɗaya da lamba biyar, ita ce kuma gaɓar farko ta ojingeo, dabbar tekun da aka sa wa shirin sunanta, kuma mai son zurfafawa zai iya gina dogon bayani a kan kowanne ba tare da shirin ya ba shi hujja ba. Hwang da kansa ya faɗa cewa sunayen Gi-hun da Sang-woo da Il-nam da ɗan sandan nan Jun-ho duk na abokansa ne na ƙuruciya, kuma unguwar Ssangmun-dong da aka ce Gi-hun da Sang-woo sun tashi a cikinta ita ce unguwar da shi ma ya tashi. Wannan bai rushe dacewar Il-nam da lamba 001 ba, tun da marubuci yana iya duba cikin sunayen abokansa ya ɗauki wanda ya dace da mutumin da yake ginawa. Abin da ya rushe shi ne zaton cewa kowane suna a shirin kacici-kacici ne.

Inda fassarar ta yi rawar gani shi ne inda marubucin ya sa mutanensa suka warware sunayensu da bakinsu. A tsakiyar zango na biyu ƙungiyar Gi-hun ta zauna kowa yana faɗin sunansa. Dae-ho, mai lamba 388, wanda yake alfahari da cewa ya yi aikin sojan ruwa, ya ce sunansa yana nufin babbar damisa, kuma mai kallo na kowane harshe ya riƙe wannan har zuwa ranar da harbe-harbe ya kaure ya tafi ɗauko harsasai, tsoro ya daskarar da shi bai dawo ba. Sai sabon mai lamba 001, wanda mu masu kallo muka san shi ne shugaban masu rufe fuska, Hwang In-ho, ya ce sunansa Oh Young-il, nan take kuma aka lura cewa young sifili ne, il kuma ɗaya, wato sunan ya yi daidai da lambarsa. Ƙarya ce ya ƙera a tsaye daga abin da ke rubuce a ƙirjinsa, ya kuma ara sunan dangin tsohon da ya gabace shi, amma sai aka yi dariya aka wuce. A zaman nan ne ma aka yi wasa da sunan dangin Gi-hun, domin Seong a Koriyanci yana da sauti ɗaya da kalmar da ke nufin sunan dangi. Duk wannan ya iso ga mai karatu, cikin layi biyu da daƙiƙun da doka ta yarda, abin da ya nuna cewa masu fassarar ba gwaninta suka rasa ba, izini suka rasa.

Akwai wani ƙaramin aibi a wajen rubuta sunayen da haruffan boko. Koriya ta Kudu tana da tsarin hukuma na wannan aiki tun shekarar 2000, kuma da shi aka rubuta Sae-byeok da Mi-nyeo da Ji-yeong, inda haruffan e da o a jere suke wakiltar wasali guda mai kama da o. Amma gaɓar da aka rubuta yeong a sunan Ji-yeong ita ce dai aka rubuta Young a sunan Young-il, kuma mai karanta Turanci da ya ga haka kalmar ƙuruciya ce za ta fara zuwa masa, ba sifili ba. Koriyawa da kansu sukan rubuta sunayensu yadda suka ga dama a fasfo, don haka ba laifi ne babba ba, amma wanda yake son ya bi sauti daga suna zuwa suna zai sha wuya.

Asarar da ta fi kowace nauyi ba a sunan da aka raɗa wa mutum take ba, tana cikin kalmar da ake kiransa da ita. Ali Abdul, mai lamba 199, ɗan Pakistan ne da ya zo ci-rani, injin masana'anta ya cinye masa yatsu, maigidansa kuma ya riƙe masa albashin watanni. Duk Bakoriyen da ya girme shi, Ali yana kiransa sajangnim, kalmar da ma'aikaci yake kiran mai kamfani da ita, domin a rayuwarsa ta Koriya kusan duk wanda ya sani mai iko ne a kansa. Fassarar Turanci ta mayar da wannan kalmar girmamawa ta gama-gari, wadda ake faɗa wa kowane babban mutum, sai ƙasƙancin da ke cikinta ya ragu. A kashi na biyar, cikin dare suna gadi, Sang-woo ya hana shi wannan kira ya ce ya riƙa ce masa hyung, kalmar da namiji yake kiran wansa da ita, daidai da yadda mai jin Hausa zai ce yaya. Turanci ba shi da kalma guda ta wannan, sai aka rubuta cewa ya ce ya riƙa kiransa da sunansa, Sang-woo. Ma'anar ta juye gaba ɗaya. A fassara, babba ne ya ce wa ƙarami mun zama daidai. A Koriyanci kuwa cewa ya yi na zama wanka, haƙƙinka yana wuyana. Kashi ɗaya bayan haka Sang-woo ya cika jakar Ali da tsakuwa a maimakon ƙwallayen gilashi, ya tura shi yawo, kuma Ali ya dawo yana waige-waige yana kiran hyung har ya buɗe jakar. A ƙasan allo sunan mutum ake gani ana maimaitawa, alhali abin da kunne yake ji ƙane ne yake neman wansa. Shi kansa sunan Ali Abdul, mai ɗan sanin Larabci zai ji abin da Bakoriye ba lalle ya ji ba, domin Ali ɗaukaka ce, Abdul kuma rabin suna ne, bawan wani da ba a ambata ba. Ko marubucin ya nufi haka ko bai nufa ba, sunan ya zauna daram a kan mutumin da kowa a labarin ya mora.

Dole a yi maganar rubutun Turanci iri biyu da Netflix yake bayarwa, domin a nan ne hayaniya ta tashi makonni kaɗan bayan fitowar shirin. Ɗaya fassara ce daga Koriyanci kai tsaye. Ɗayan, wanda aka yi wa alamar CC, an yi shi ne domin kurame da masu ƙarancin ji, kuma yana bin kalmomin da masu ɗora muryar Turanci suka faɗa, waɗanda tun farko an daidaita su ne da motsin leɓe. Han Mi-nyeo, mai lamba 212, ita ce ta fi shan wahala a wannan rubutu na biyu. Sunanta kalma ce ta yau da kullum da ke nufin kyakkyawar mace, kuma an ɗora shi a kan mace mai tsiwa da ƙarya da neman mafaka wajen duk mai ƙarfi, ta yadda da ta faɗi sunan Bakoriye zai yi murmushi. A wani wuri da take roƙon a ɗauke ta abokiyar wasa, abin da ta faɗa a Koriyanci shi ne tana da ƙwaƙwalwa, karatu ne kawai ba ta yi ba, amma rubutun CC ya mayar da shi kamar tana cewa ita ba wata haziƙa ba ce amma tana iya lallaɓawa. Magana ta farko kuka ne na talakan da ƙasar da ke bauta wa takardar shaida ta bari a baya, ta biyun kuwa surutu ne kawai. Abin takaicin shi ne waɗanda aka yi wannan rubutu dominsu su ne ba su da kunnen da zai gyara musu kuskuren.

Ba kullum harshe yake zama shinge ba. Ji-yeong, mai lamba 240, ta fito daga kurkuku ne bayan ta kashe mahaifinta, fasto, wanda ya ci zarafinta ya kuma kashe mahaifiyarta. Da ita da Sae-byeok suka faɗa wa juna sunayensu a wasan ƙwallayen gilashi, aka tambaye ta sunan danginta, sai ta ce ba ta da shi. A ƙasar da 'ya'ya suka saba ɗaukar sunan dangin uba, wannan gajeruwar amsa yanke alaƙa ce, kuma ta iso cikin fassara ba tare da ta rasa komai ba. Haka kalmar gganbu, aminin wasa wanda ba a raba nawa da naka da shi, an bar ta yadda take har a sunan kashin, aka bar tsohon ya bayyana ta, kuma duniya ta koye ta cikin mako guda. Idan har mai kallo zai iya riƙe gganbu, ban ga dalilin da zai sa a ce hyung ta fi ƙarfinsa ba.

Sunan kamfani ma yana da nasa sirrin. An ce Gi-hun ya yi aiki a masana'antar motoci mai suna Dragon Motors har aka sallame shi, ya shiga yajin aiki, abokin aikinsa ya mutu a gabansa sa'ad da 'yan sanda suka afka musu. Bakoriye ba ya buƙatar a gaya masa inda aka dosa, domin sunan kamfanin motoci na gaske na Koriya, Ssangyong, yana nufin tagwayen dodanni, irin dodon almara mai siffar maciji da Turawa suke kira dragon. A shekarar 2009 kamfanin ya sanar da shirin sallamar ma'aikata 2,646, su kuma suka mamaye masana'antarsa ta Pyeongtaek tsawon kwana 77, har 'yan sanda suka shiga da ƙarfi a watan Agusta. Hwang ya tabbatar cewa daga nan ya ɗauko tarihin Gi-hun. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki jarumin a matsayin ɗan caca marar tunani da ya jawo wa kansa, alhali shirin yana nuna mutum ne da ya yi shekaru yana da aiki da iyali kafin rana ɗaya ta rushe su.

Duk da haka, kamun bakin Netflix yana da wata fa'ida da bai kamata a raina ba, wato bai taɓa ƙaga ma'ana ya liƙa wa suna ba. Intanet cike take da jerin bayanai da ke fassara kowane suna a shirin da cikakken tabbaci, har da waɗanda ba a taɓa nuna haruffan hanjansu ba. Gaskiya ne cewa gaɓar deok a sunayen maza sau da yawa tana nufin nagarta, kuma yana da daɗi a ce an sa wa ɗan daba Jang Deok-su wannan suna ne da gatse, amma wannan hasashe ne, kuma fassarar da ta rubuta shi a matsayin tabbas ta yi wa mai kallo ƙarya. Gyaran da ake buƙata ƙarami ne kuma yana da iyaka: sunayen da kalmomi ne bayyanannu irin su Sae-byeok da No-eul da Mi-nyeo, da kalmomin kira irin su hyung da sajangnim da oppa, wadda mace take kiran wanta da ita.

Kuma ba abu ne da ba a taɓa yi ba. A dandalin Viki, wanda kamfanin Rakuten na Japan ya saya a 2013, 'yan sa-kai ne suke fassara wasannin Koriya, kuma sun saba barin irin waɗannan kalmomi yadda suke tare da ɗan gajeren bayani a karon farko, ko da yake wani lokaci bayanin yakan cika allo har ya hana kallo. Prime Video kuma yana da tsarin X-Ray, wanda idan aka tsayar da shiri yake nuna sunan wanda ke kan allo da na jarumin da ya fito a matsayinsa. Haɗa waɗannan dabaru biyu ba zai gagari Netflix ba: rubutu na uku da mai so zai zaɓa, ko bayani na layi ɗaya da zai fito idan an tsayar da hoto, wanda ba ya so kuma ba a takura masa ba. Kamfanin da a watan Afrilun 2023 ya yi alkawarin zuba dala biliyan 2.5 a shirye-shiryen Koriya cikin shekara huɗu ba kuɗin wannan aiki zai rasa ba, kuma masu fassararsa sun riga sun san ma'anonin, tun da ba za a fassara shirin ba sai an fahimce shi.

Kafin a samu haka, mai kallo yana iya rage asarar da kansa. Ya shiga wurin zaɓen harshe ya bar murya a Koriyanci, sannan a rubutu ya ɗauki fassarar da ba ta da alamar CC, muddin kunnensa yana ji. Wanda kuma ya riga ya kalli zangon farko da muryar Turanci, kashi na biyar da na shida sun cancanci ya sake su da muryar asali, ya sa kunne ga abin da Ali yake kiran Sang-woo kafin daren gadin da kuma bayansa, domin hyung gaɓa ɗaya ce, kuma ba sai mutum ya iya Koriyanci zai tsince ta ba.